Turaren da Na Kai wa Sarkin Kan Dutse

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Hor Al Anz can ƙasar Larabawa, ni da matata Hajiya, a wajen 'yarmu mai aikin asibiti, sai ga ta da murna: "Baba, biza ta fito! Jamus za mu je, fadar sarki a kan duwatsu. Turawa na ce mata gidan soyayya."

Ni bokona a aji huɗu ya yi birki, amma na san ba a shiga fada hannu rabbana, kuma ba a gaida sarki a tsaye. To a nan gizo ke saƙar. Gwiwata ta dama ta daɗe da yin ritaya, ko sallah a kujera nake yi. In na durƙusa, sai an nemo ƙarti su ɗaga ni. A gaban sarkin Turawa!

Ban gaya wa kowa ba. Na sayo turare mai tsada a kasuwar Deira, na riƙa gwajin durƙuso a ɗaki ina dafe da gado. Rannan na kife, Hajiya ta leƙo, na ce takalmi nake nema.

Fadar kuwa, tubarkalla. Fara fat, ga hasumiyoyi suna soke gajimare, ga tafki a ƙasa kamar an zuba shuni. Na hau dutsen nan cikin babbar riga ina haki, turare a aljihu. Da mai yi mana jagora ta ce mun iso zauren sarauta, sai na sunkuya zan cire takalmi.

'Yata ta riƙo ni. "Baba, me kake yi?"

"Gaisuwa mana. Ina mai gidan?"

"Wane mai gida? Baba, ya fi shekara ɗari da rasuwa!"

Bakina ya ce Allahu akbar, gwiwata kuwa hamdala take yi.

'Yata ta fassara mana sauran labarin: sarkin ya ƙare ƙuruciyarsa yana gina fadoji irin na tatsuniya, bai ga kammaluwar wannan ba, kuma ko aure bai taɓa yi ba.

Hajiya ta riƙe haɓa. "Gidan soyayya, mai gida tuzuru? Alhaji, ashe ka fi shi."

Na ciro turaren na miƙa mata. "Ranki ya daɗe, dama naki ne."

Ta karɓa, ta dube ni sama da ƙasa. "Ai ba a gaida sarauniya a tsaye. Ko har yanzu takalmin kake nema?"

Ashe ta sani tun ranar.

Yanzu in wani abu ya tsorata ni, nakan fara tambaya ko yana da rai tukuna. Durƙuson kuwa, Hajiya ta yafe mini. Ta ce ba ta da ƙartin da za su ɗaga ni.