Hadiza Garba Biyu, Layi Ɗaya

Har gobe ban manta da ranar Talatar da na share yarinya mai rai da yatsana ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci kamar yau aka yi. Ku sababbin zuwa kuna ta gunaguni wai ni Madam Rabi na hana ku izinin share ko layi ɗaya a rumbun bayanai, wai na cika tsanani. To ku gyara zama ku ji dalili.

A lokacin ina shekara ta biyu a wannan ƙungiya, biro ɗinmu, wato ofishinmu, yana bayan Titin Koudoukou. Aikinmu tattara sunayen yaran unguwar Kilomita Biyar da takardun haihuwarsu suka ƙone ko suka ɓace lokacin rikici. Ma'aikata su bi gida-gida su cike fom, mu shigar a kwamfuta, mu fitar da jerin suna a kai kotu, alƙali ya zauna ya ba kowane yaro hukuncin da zai maye masa takarda. Zaman ba kullum ake yinsa ba, wanda ya rasa sai ya jira watanni. Yaron da ba shi da takarda kuwa ba a rubuta shi jarrabawar shiga sakandare.

Ni na gina teburan da hannuna. Tebur a wurinmu ba na katako ba ne, jeri ne na bayanai: kowane layi mutum ɗaya, kowane gurbi abu ɗaya game da shi. Na yi tebur na gidaje, na yi na yara, na haɗa su da lambar gida. A na yara akwai suna, sunan dangi, ranar haihuwa da sunan uwa. Fom ɗin daga hedkwata ya zo, su kuma a ganinsu sunan dangi ya wadatar, ba su bar wa sunan uba wuri ba. Na ga giɓin, na yi shiru, wannan laifina ne na farko.

Ana saura kwana huɗu a kai jeri kotu sai shef ɗinmu, wato shugabanmu Injiniya Bashir, ya shigo yana huci. An kira shi daga hedkwata an ce jerinmu cike yake da maimaici. Ya ce in rubuta umarnin da zai nuna duk yaran da suna, sunan dangi, ranar haihuwa da gida suka zo ɗaya. Na rubuta da GROUP BY, wato umarnin da ke tara masu kama wuri guda ya ƙirga su. Layuka ɗari da wani abu suka fito. Ya buga tebur ya ce, “Kin gani ko? Ki bar na farko a kowane rukuni, ki share sauran.”

Na ce, “Shef, a yi a hankali. Wasu lallai maimaici ne, akwai iyayen da suka rubuta yaro sau biyu don tsoron kar a manta da shi. Amma dubi ranar haihuwar. Kusan duk ɗaya ga Janairu ce.”

Ku da kuka taso nan kun san dalili. In uwa ta ce shekarar kaza ta haihu amma ba ta riƙe rana ba, ma'aikaci ɗaya ga Janairu yake rubutawa. Rabin unguwar nan ranar aka haife su a takarda. Suna kuwa, gida ɗaya sai ka tarar da Muhammadu uku da A'isha huɗu, don kowane ɗa so yake ya maida sunan uwarsa ko ubansa. Na faɗa masa duk wannan, na ce a ƙara sunan uwa cikin gwajin.

Ya ce in duba gurbin in gani. Na duba, fiye da rabi babu komai a ciki. Magidanta ne suka amsa tambayoyin, kuma wane dattijon Bahaushe ne zai tsaya gaban baƙo yana ambaton sunan matarsa ko surukarsa? Wani ya ce “uwar gida”, wani ya ce “mai ɗakin Haruna”, ma'aikaci ya tsallake.

Na ce to a ba ni babur da kwana biyu in bi gidajen in tantance. Ya yi wata dariya da har yau nake jin ta a kunnena. Ya ce, “Madam Rabi, an sayo kwamfuta ne don a daina yawon rana. Ba na son dogon turanci, ki share.”

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan ba baƙo ba ne. A nan unguwar Yakité aka yanke masa cibiya kafin a kai shi waje karatu. A gidansu Bashir uku ne, har ana ce masa Bashir Dogo don a bambanta shi! Amma da ya zauna gaban allo sai ya manta da gidan ubansa. Ni ma kada in wanke kaina. Ina da baki, ina da gaskiya, amma ina tsoron a ce sabuwar ma'aikaciya ta cika gardama. Na kwafe teburin na ajiye gefe, na rubuta DELETE, umarnin sharewa, na danna. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba aka gama. Ya ce, “Yauwa, kin ga aiki.” Aka buga jeri aka kai kotu, ni kuma na ce wa raina zan bi kwafin daga baya. Ayyuka suka taso, ban bi ba.

Bayan sati uku, ana gobe za a rufe rajistar jarrabawa, da hantsi sai ga Malam Isiyaku, mai sayar da kayan gini a kasuwa, ya shigo riƙe da hannun yara mata biyu, tsayinsu ɗaya, hijabinsu iri ɗaya. Ya yi sallama, ya ajiye takarda guda a gabana. Ya ce, “Malama, yara biyu muka rubuta, ɗaya aka kira kotu. Na yi ta zarya ana ce mini in jira. Yau malaminsu ya ce gobe ne ƙarshe.”

Na tambayi sunansu. Ya nuna ta dama ya ce, “Hadiza Garba, 'yar ƙanena Haruna.” Ya nuna ta hagu ya ce, “Hadiza Garba, tawa. Sunan mahaifiyarmu aka sa musu, watansu biyu tsakani. A gida wannan Walida muke ce mata, tawa kuma Ummi.”

Wallahi tun kafin in buɗe kwafin na san abin da zan tarar. Ga su nan, layi biyu a jere, lamba ɗaya ce tsakaninsu. Walida ce ta riga shiga, sai umarnina ya bar ta ya ɗauke Ummi.

Na tashi na kira shef. Ya fito da murmushin nan nasa ya fara bayani da Faransanci, wai na'ura ta gano kwafi ne. Malam Isiyaku ya bari ya gama, sannan ya jawo yaran ya tsayar da su gabansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Injiniya, na san mahaifinka, tare muke sahu a masallaci. Ga su nan. Nuna mini wadda take kwafi in maida ta.”

Ummi kuwa, da yake yaren Sango ya fi zama a bakinta, ta ɗago kai ta dubi shef ta ce, “Mbi yeke ge.” Wato ga ni nan.

Nan fa na fashe. Na manta da muƙami, na manta da albashi. Na ce, “Shef, kada ka ɗora wa na'ura! Na'ura ba ta san Ummi ba, kai ka san irinta. Na faɗa maka ka ƙi ji, ka hana ni babur na kwana biyu, ga abin da kwana biyun suka jawo!” Ya ce in san da wa nake magana. Na ce na sani sarai, da Bashir Dogo nake magana, wanda da an bi dokarsa da tuni an share shi an bar Bashir ɗaya a gidansu. Wannan maganar ta jawo mini takardar gargaɗi, tana nan cikin fayil ɗina, kuma ko yau aka maimaita zan sake faɗa.

Minti biyu suka ishe ni in maido da layin Ummi daga kwafi. Amma maido da layi ba ya maido da zaman kotu. Na hau babur na je kotu, magatakarda ya ce sai zama na gaba. Na je makaranta na roƙi shugabansu kamar zan durƙusa, ya ce ba shi ya kafa doka ba, babu takarda babu rajista. Washegari aka rufe. Sauran kwanakin satin na bi gidajen da kuɗin babur daga aljihuna, na tarar da yawa cikin waɗanda muka share mutane ne daban, har da masu suna iri guda a ɗaki ɗaya.

Walida ta zauna jarrabawa ta wuce. Ummi, wadda malaminsu ya ce ita ke jan ajin, aka ce ta maimaita shekara. Takardarta ta fito bayan wata biyar, ni da kaina na kai gidan. Na tarar ta daina zuwa makaranta. Uwarta ta ce an yi lallashi an yi faɗa, ta ce ba za ta zauna da ƙannenta a aji ba alhali Walida na wucewa da kayan sakandare kowace safiya. Ta karɓi takardar da hannu biyu ta ce, “Na gode, Anti,” ta miƙa wa uwarta ko dubawa ba ta yi ba.

Tun daga nan na sake gina teburin. Na ƙara gurbin sunan uba, na ƙara na laƙabi, don sunan da ake kiran yaro da shi a tsakar gida shi ke raba shi da takwaransa. Layin da ake zargi alama ake sa masa, sai wani ya taka ƙafa ya je ya gani da idonsa. Umarni ba ya tunani, abin da ka gaya masa shi yake yi, kuma duk shugaban da ya matsa maka lamba ba ya nan ranar da za a nemi wanda ya danna.

Ummi ba ta koma aji ba. Yanzu tana taya uwarta sayar da atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar, layin da nake bi in zan tafi gida. Da ta hango ni take miƙewa ta gaishe ni da ladabi, har ta jawo mini kujera. Na rantse muku da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.