Yadda Baba Sito Ya Kori Kansa Daga Aiki

A masana'antar katifa kowa Baba Sito yake ce masa, har matarsa idan ta fusata. Tun yana da baƙin gashi yake riƙe da makullin ɗakin ajiya. Soso, yadi, zare, gam, babu abin da ke fita sai ta hannunsa. Ba shi da mugunta, sai dai akwai son girma.

Da 'yarsa ta fari ta gama jami'a ta fara gyara masa magana a gaban baƙi, sai ya zaro tsohon digirinsa daga ƙasan akwati, ya je ya shiga karatun digiri na biyu a fannin tafiyar da masana'antu. Ranar farko aka ce kowa ya gabatar da kansa. Ya duba ajin, duk sa'o'in 'ya'yansa ne, bakinsa ya ƙi furta "sito". Ya ce shi babba ne a harkar sarrafa kayayyaki. Nan take suka laƙaba masa Shugaba.

Karatun ba na zaman aji kawai ba ne. Malamarsu ta raba su rukuni-rukuni, kowanne zai je wata masana'anta ya gano abin da ke sa aiki tafiyar hawainiya, ya kawo magani. Su uku ne a nasa rukunin: shi, da wata ma'aikaciyar banki mai saurin baki, da wani injiniya da ba ya yarda da komai sai ya auna. Aka tura su masana'antar katifa. Tasa.

Ya so ya faɗi gaskiya, amma "Shugaba" ta riga ta yi masa daɗi a kunne. Ya sayi kwat da tabarau, ya roƙi abokan aikinsa su yi kamar ba su san shi ba. Suka yi har suka wuce gona da iri, don mai gadi sai da ya caje shi kafin ya ba shi hular baƙi. Manajan kuwa sabo ne, bai taɓa leƙa sito ba. Shi dai ya san akwai wani dattijo a can mai yawan neman izinin zuwa asibiti.

Duk ranar da rukunin ya zo, sai su tarar da sito a garƙame, masu ɗinki sun yi layi suna jiran zare. Makullin yana aljihun Shugaba yana sukar cinyarsa. Injiniya ya auna tsawon layin. Ma'aikaciyar banki ta karɓi lambar mai siton a wajen mai gadi ta kira, waya ta hau ruri a jikin Shugaba. Ya ce matarsa ce, ya ruga banɗaki, ya amsa tambayoyin ma'aikaciyar da muryar mai mura. Da ya dawo ta ce masa mutumin ko magana bai iya ba.

Su biyun suka ce magani ɗaya ne: a soke kujerar mai sito, a kawo na'ura. Baba Sito ya kare mutumin iyakar ƙarfinsa, ya ce wataƙila yana da iyali, wataƙila ma neman ilimi yake yi.

"Shugaba, tausayinka ya yi yawa," in ji ma'aikaciyar banki. "Irin waɗannan tsofaffin su ke kashe kamfani."

Aka kaɗa ƙuri'a ya sha kaye. Da yake kuma shi ne shugaba, shi aka ɗora wa gabatar da sakamakon.

A gida ya gwada jawabin a gaban matarsa tana ninke kaya, har da wajen da ya ce mai sito kullum sai ya ce ya tafi asibiti. Ta ce wannan mai siton ko ita ce za ta kore shi. Ya ce mata ai shi ne.

"Na gane ka tun daga wajen asibitin, malam," ta ce.

Ranar gabatarwa ya fara da ɗari-ɗari. Amma da ya ga manaja yana gyaɗa kai, malama tana murmushi, sai son girma ya motsa, ya manta da kansa. Ya zuba hujjoji har da waɗanda rukunin bai sani ba: barcin rana a kan soso, da gam da ya bushe saboda an manta a rufe. Aka tafa. Rukuninsu ya fi kowa maki.

Manaja ya sallami mai sito ba tare da ya nemi ganin fuskarsa ba, ya kuma roƙi Shugaba ya zo ya riƙa ba kamfanin shawara. Na'urar dai har yau tana hanya. Da aka rasa ofishin da za a ba shi, sai aka kai masa tebur da kujera mai juyawa cikin sito. Masu ɗinki suna zuwa su rusuna su ce yallaɓai yana ganin ya dace a ba su zare? Ya yi nazari, ya ce ya dace, sannan ya tashi ya ɗauko.

Idan sabon ma'aikaci ya tambaye shi labarin wanda aka kora, yakan cire tabarau ya ce mutumin kirki ne ƙwarai, amma zamani ya wuce shi.