Baƙuwar da ke Cin Azara

A gidanmu na Lajawa, idan damina ta kankama, a ɗakin girki muke taruwa bayan magariba. Kakarmu Iya na gasa mana masara a bakin murhu, hayaƙi na sa mu hawaye, mu kuwa ko a jikinmu. Kafin ta fara tatsuniya sai ta miƙe da taɓarya, ta ƙwanƙwasa azarar rufin ɗakin, ta kasa kunne. Mu yi ta ƙyalƙyala dariya.

"Ku yi dariyarku," in ji ta. "Gaisawa nake da masu ɗauke da rufina. Kai angona, matso, ga ta nan tafe."

Wadda na fi so ita ce ta Fumfuna, wata 'yar tsohuwa fara sol da ta shigo gari cikin ruwan sama tana neman masauki. A gidan farko ta tarar hayaƙi ya baƙanta azara, ta ce tari zai kashe ta. Na biyu tagoginsa a buɗe, ta ce iska ta yi mata yawa. Sai ta isa soron wani mai son ado, wanda ya shafe bango da farar ƙasa amma ya bar indararo a toshe, ruwa na kwana a kan rufi. Ta ce ba ta son tuwo, ba ta son tabarma, a bar ta kawai inda kan azara ya shiga bango. Ya ce ai wannan ba komai. Ta zauna tana cin itacen ta ciki, waje lafiya lau, har ranar da soron ya rufta.

"Azara mai lafiya ƙwal take amsawa," Iya ta ce. "In ta ce buf, baƙuwa ta sauka."

Iya ta daɗe da rasuwa, yanzu mahaifiyarmu ce ke kwana a ɗakinta. Bana na zo daga Wudil na tarar wana, Yaya Sale, ya kira kafinta zai buga silin a ɗakin don ɓoye wani farin tabo a kusurwa. Ɗakin na warin danshi. Na ɗauko taɓarya na buga azarar. Buf.

"Tatsuniya za ka yi mana da rana tsaka?" Yaya ya ce.

"Yaya, ka yi haƙuri. Umma ba za ta ƙara kwana a nan ba sai an buɗe rufin nan."

Ya yi fushi, ni kuwa na kafe, na fitar da gadonta da kaina. Muka gyara indararo, muka fasa taga, muka kawo busasshiyar azara muka jiƙa kawunanta da baƙin mai. Da aka zare tsohuwar azarar, sai ta marmashe a hannun Yaya kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ita ce daidai saitin matashin kan Umma.

Ina yaro na ɗauka Iya dariya kawai take ba mu, ashe kunnuwanmu take horarwa. Da aka gama aikin, Yaya ya miƙo mini hannu. Taɓaryar ya karɓa, ya nufi ɗakin da 'ya'yansa ke kwana.