Takardar da 'Yar Farina Ta Kawo

'Yar farina da ke aji biyu na sakandare a Jimeta ta kawo mini takarda daga makaranta. Za a yi wa 'yan mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, ana neman izinin iyaye. A unguwarmu Limawa ana ta cewa allurar tana hana haihuwa, wata nas kuma ta gaya mini ta hanyar kwanciya da namiji ake ɗaukar cutar. Yaya zan yi wannan zance da yarinyar da ko sunanta ba na faɗa, don kunyar ɗan fari irin tamu ta Fulani?

Kwana uku ina ɓoye takardar, ina daka mata tsawa ba laifin komai. Rana ta huɗu ta durƙusa a ƙofar kicin.

"Dada, ki sa hannu. Ina so a yi mini."

"Wa ya zuga ki?"

"Ba kowa. Ni na riƙa wanke zannuwan Goggo, ƙanwar Baba, kafin wannan cutar ta kashe ta. Ita ma kunya ce ta hana ta faɗa."

Na ɗauko takardar, na karɓi biron da ta miƙo mini na sa hannu.