Baba Bakanike ya je a cire masa kayan aiki daga ƙafa

Kun taɓa jin an zuba wa mutum magani a cikin ƙashi an ɗinke? To Baba Bakanike aka yi wa! Shekara talatin yana ƙarƙashin mota, bai taɓa manta ko sifana ɗaya a injin mutane ba. Rannan jak ɗin da ya ɗaga mota da shi ya zame, motar ta karya masa ƙafa, ƙashin ya fara ruɓewa har ana zancen yankewa. Likita ta kankare wajen, ta cusa wasu 'yan ƙwallaye kamar na roba masu maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Da ƙafa ta warke sai ga Baba a asibiti da sandarsa.

"'Yata, zo ki kwashe kayan aikinki. Ni ba na rufe inji da kaya a ciki."

Likita ta yi dariya, ta ɗaga hoton ƙashin. "Baba, ai sun narke. Suna narkewa suna sakin magani, ƙashinka ya cike gurbin."

Ya daɗe yana kallo. "Kai! Aikinki ya fi nawa tsafta."

Yau da wannan ƙafar yake taka birki wallahi. Don Allah ku tura wa masu jinyar karaya su gani!