Taken Gayya a Jita

Waɗanda ke tsakar gida ran nan su ne ni, da ƙanena da kunnensa ya yi nauyi, da matar ɗana tana tsince wake, da maƙwabciyarmu da ta zo aron rariya ta ƙi tafiya. Sai jikana, wanda ya dawo garinmu Bande daga Damagaram da jita ta kiɗa, irin wadda ake jona wa batirin mota.

Biki za a yi a Magarya, yana so ya kaɗa taken gayyar da mahaifina ke bugawa da ganga idan maza sun jeru a gona. Har Dungas an san taken, amma na gidanmu ne, ba mai fita da shi sai babbar gida ta yi masa guɗa. Babbar gida kuwa ni ce.

"Amaryata, gyara zama," in ji jikan nawa.

"A karkace ka gan ni, mijin banza?"

Ya murɗa wani abu. Jitar ta kwarma ihu, akuya ta tsinke igiya. Ƙanena ya ce, "Alhamdu lillahi, yau dai na ji wani abu."

Amma taken ne, ba ƙarya. Na gane shi cikin hayaniyar, har ƙafata ta fara motsi, na rufe ta da zane. Sai dai gudu kawai yake. Taken kuwa yana da wurin shiru, inda manoma ke kai bakin gona, su miƙe baya, su tofa yawu a hannu, su juyo.

Na ce, "Ina shirun?"

"Wurin ba komai, Kaka, sai na cike shi."

"Mutanen naka yaushe za su miƙe?"

"Rawa za su yi, ba noma ba."

"Mai rawa ba shi da ƙugu?"

Maƙwabciya ta kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Bakina yake kallo, yana jiran guɗa. Na tashi na tafi kamo akuya.

Washegari da sassafe na buga masa ƙofa, na miƙa masa hauya. Muka tafi gonar gero. Na zauna gindin gawo ina rera taken, yana noma. Da ya kai bakin gona ya miƙe, dafe da ƙugu, yana haki. Na tsaya da rerawa, daidai wurin shirun taken. Ya juyo ya dube ni, ya tofa yawu a hannu.

Na yi masa guɗa, 'yar gajeruwa. Na ce sauran sai na ji a jita.