Na Ɓoye Sunanta, Amma Kowa Ya Gane Ta

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru shekarata talatin da huɗu, ina koyarwa a wata firamare a unguwar Hausari da ke Maiduguri, ga 'ya'ya uku, ga karatun digiri na biyu da na ɗora wa kaina a tsangayar ilimi. Fannina shi ne yadda ake auna ƙoƙarin ɗalibai a ba su maki. Ba zan ɓoye ba, a lokacin ina ji da kaina. Ni ce mai ɗaga hannu tun malami bai rufe baki ba, har 'yan ajinmu suka laƙaba mini Farfesa. A fuska sai in nuna ba na so, a zuci kuwa daɗi kamar me. Mahaifina dillali ne a Kasuwar Shanu, bai yi boko ba, amma duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya sha labarin karatun 'yarsa.

Da aka zo bincike, yawancin 'yan ajin suka zaɓi raba takardar tambayoyi, a cike, a tattara, a ƙirga. Ni kuwa na zaɓi ɗayar hanyar, wadda ake zama da mutum a yi doguwar hira, a naɗi muryarsa, a rubuta abin da ya faɗa kalma bayan kalma, sannan a tsinto ma'anar da ke ciki. Tambayata ita ce yadda malaman makarantun kuɗi ke yanke makin da suke rubutawa a katin sakamakon yara. Mai duba aikina, wata dattijuwar malama mai sanyin magana, ta kafa mini sharaɗi biyu. Na farko, kada a gane wanda ya yi magana da ni. Na biyu, duk abin da na rubuta a kan mutum in koma in karanta masa ya amince kafin wani ya ji. Ta ce in tuna Maiduguri a taswira ne take da girma, a bakin mutane kuwa unguwa ɗaya ce. Na ce to, har na rubuta a littafina, amma maganar ba ta wuce takardar ba.

Wata makaranta kusa da kasuwar ta ba ni izini, don mai ita ya san mahaifina. Malamai shida suka sa hannu a takardar amincewa, wadda a cikinta na yi alkawarin rufa musu asiri. Biyar daga cikinsu sun ɗan taɓa gaskiya suna waige-waige, sauran maganar duk lafiya lau ce da alhamdulillahi. Ta shidan ce ta buɗe mini cikinta. Mace ce 'yar kudancin Borno, ta girme ni da kusan shekara goma, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. A gidanta da ke unguwar Wulari muka zauna ranar Lahadi bayan ta dawo daga coci, ta dama mini kunun tsamiya tana ce mini ƙanwata. Sau biyu tana tambayata ko sunanta zai fito, sau biyu ina yi mata rantsuwa. Sai ta gaya mini cewa duk ƙarshen zango mai makarantar kan tara su ya ce kada katin yaro ko ɗaya ya nuna ya faɗi, don kada iyaye su cire 'ya'yansu. Yaron da ko sunansa bai iya karantawa ba sai ya tafi gida da katin yabo. Ta ce ita ma tana rubuta abin da aka ce, amma tana da wani littafi daban a durowarta inda take ajiye makin gaskiya, da shi take sanin yaran da za ta tsayar bayan an tashi ta koya musu karatu.

Tun a cikin keke mai ƙafa uku a hanyar komawa gida na san na samu abin da nake nema. Na cire sunanta, na sa mata Malama ta Shida, na ɗauka na gama cika alkawari. An koya mana cewa irin wannan bincike yana son siffantawa, har mai karatu ya ji kamar yana wurin, ni kuma ina da hannun rubutu, sai na saki alƙalami. Na rubuta cewa daga kudu ta fito, cewa takaba ta yi ba da jimawa ba, cewa kullum daga Wulari take shigo keke, cewa shekararta goma sha huɗu tana riƙe da aji huɗu. Har yadda take ɗan jan ƙafarta ta hagu sai da na sa. Wannan sakin layi bayan mai duba aikina ta gama dubawa na cusa shi. Kuma ban koma na karanta wa baiwar Allahn nan ba. Na gaya wa kaina lokaci ne ya ƙure, amma gaskiyar ita ce tsoro nake kada ta ce in cire zancen littafin durowa, alhali shi ne gishirin wannan babi na kundin bincikena gaba ɗaya.

Ranar da na gabatar da babin a gaban malamai da ɗalibai, ɗakin cike yake, kuma yawancin masu irin karatunmu malaman makaranta ne a cikin garin nan. Na karanta sakin layin da murya mai daɗi, aka yi mini tafi. Wani mutum daga baya, ɗan ajin da ke bin namu, ya tambayi a wace unguwa makarantar take. Na ɗaga kai na ce ƙa'idar bincike ta hana ni faɗa. Ya yi murmushi ya zauna. Da aka tashi mai duba aikina ta kira ni ofis, ba ta yabe ni ba, tambaya ɗaya ta yi, ko matar ta ji abin da na karanta. Na sulale na fita ban gaya mata gaskiya ba.

Kwana takwas bayan nan ɗaya daga cikin malaman da na yi hira da su ta kira ni a waya. Ashe mai tambayar nan ƙanin matar mai makarantar ne. An buɗe durowar Malama ta Shida a gaban kowa, an ciro littafin, an ba ta takardar sallama. Matar da ke ciyar da marayu huɗu ta rasa aikinta saboda ina son a tafa mini.

Na yi kuka na share, na ce kuka ba zai mayar da ita aji ba. Na je na faɗa wa mahaifina komai, na roƙe shi ya raka ni ba da haƙuri, kamar yadda ake kai babba idan magana ta fi ƙarfin yaro. Mai makarantar ya karɓe mu da girmamawa, ya sa aka kawo wa Baba shayi, aka daɗe ana gaisawa da Kanuri. Sannan ya ce albarkacin Alhaji zai mayar da ita ranar Litinin, amma da sharaɗin in ba shi muryoyin duka malamai shidan da na naɗa, don ya san masu cin abincinsa suna zaginsa. A hanya Baba ya ce in ba shi kawai, marayu sun fi wata ƙa'idar boko. Wallahi saura kaɗan in yarda.

Na ce a wannan karon ba zan yanke komai a kanta ba sai ta ji, na shiga keke sai Wulari. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, amma yanzu Malama take kirana, ta daina ce mini ƙanwata. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na gaya mata sharaɗin. Ta ce ita ba ƙarya ta faɗa ba, kuma ba za ta janye ba. Ta ce sauran biyar ɗin ma takarda ɗaya suka sa wa hannu da ita, su ma suna da masu jiran su a gida, in na riga na sayar da mutum ɗaya kada in sayar da biyar don in fanso ta. Sannan ta kalle ni ta ce ita labarin maki ta ba ni, me ya kai ƙafarta cikin littafina.

Washegari na koma ni kaɗai na gaya wa mai makarantar ba zai samu muryar kowa ba. Daga can na wuce wurin mai duba aikina na faɗa mata duk abin da na yi, har cusa sakin layin, na ce na janye babin. Ta ce in san cewa shekarar ta wuce ni ke nan, na ce na sani. 'Yan ajinmu suka sa rigar kammalawa ina gida, masu ce mini Farfesa wasu suka tausaya, wasu suka yi dariyarsu, kuma ban ga laifinsu ba. Ni abin da na sa a gaba shi ne aikinta. Na karɓi takardunta, duk ranar da na tashi daga aiki da wuri sai in shiga makaranta ɗaya ko biyu, in gaya wa shugaban irin malamar da take da kuma cewa ni na jawo mata. Wasu ko zama ba su ce in yi ba. Sai a wata na bakwai wata makaranta a bakin gari ta ɗauke ta, inda sai ta hau keke biyu kafin ta isa.

Na sake rubuta babin tun daga farko. Kowane malami na bi shi gida na fassara masa abin da na rubuta da Hausa, duk abin da ya ce in cire na cire ba gardama. Babin ya fito ba shi da armashin na farko, ba wanda ya tafa, amma da shi na kammala. Ita ma na karanta mata nata. Ta ce ta yafe mini don Allah, sai dai ba za ta ƙara zama gaban mai bincike ba har abada.

Abin da na koya shi ne cire suna ba shi ne rufin asiri ba. A garinmu da unguwa ake gane mutum, da wurin ibadarsa, da wanda ya aura, da yadda yake tafiya. 'Yan'uwana ɗalibai masu yawo da waya kuna naɗar muryar mutane, kafin ku karanta wa kowa, ku tambayi kanku ko maƙwabcin mutumin zai gane shi, sannan ku koma ku karanta masa ya ji da kunnensa, ko da zai sa ku cire abin da kuka fi so. Ku idan abu ya lalace shekara za ku maimaita. Ni na maimaita tawa na karɓi takardata, ita kuwa yaran aji huɗun da take tsayarwa bayan an tashi ba ta sake ganinsu ba.